Gunkin Sarki a Ƙofata

Sojan Girka ya dawo daga kasuwa ya tarar na toshe ƙofar ɗakin da tubali. Ɗakin marigayi mijina ne, amma sarki ya sauke shi a ciki kamar ubansa ya gina. Na kai ƙara, tafinta ya ce in yi haƙuri. Tun kaka da kakanni Girkawan nan ke sarautar Masar, ko gaisuwarmu ba su iya ba.

Sojan ya daka mini tsawa da ɗan guntun yarenmu da ya tsinta: "Ke tsohuwa, rushe wannan!"

"Rushe da kanka, ɗan nan. Ga diga."

Ya ɗaga digar, sai ya ga abin da na kafa jikin tubalin: gunkin sarkinsu, turare na tashi. Su suka ce mana abin bauta ne.

Ya sauke digar a hankali. Kafin ya tafi neman masauki, sai da ya rusuna wa gunkin.