Maigadin da Na Gadar wa 'Yata

Likita ya ɗebi jinina da na 'yata. Bayan sati biyu ya kira ni.

Ya ce a jikin kowa akwai wani ɗan maigadi da ke riƙe zaren halitta gam, yana hana ɓatattun ƙwayoyi hayayyafa. Nata ba ya iya riƙo, shi ya sa ciwon daji ya shige ta.

"A wajenka ta gaje shi, Baba."

Shekara talatin ina gadi a unguwar Maitama, ko bokiti ba a taɓa sacewa ba.

Na jawo kujera, na zauna a ƙofar ɗakin da aka kwantar da ita.

Nas ta ce, "Baba, lokacin dubiya ya wuce."

Na ce, "Ba zan tashi ba."