Rawar Ɗan Buta

Madam Beryl Tranter ta hau lif ita kaɗai. Da ta isa hawa na uku sai ta tsaya ta dogara sanda, tana jiran 'yarta da ta biyo matakala.

"Mace ta haura hamsin tana cin zalin gwiwoyinta a banza," ta ce da Gillian ta iso tana haki. "Gyara wuyan rigarki. Ba kasuwa muka zo ba."

Zauren ya cika maƙil da masoya finafinan yaƙin sararin samaniya. Daga ko'ina a Ingila suka taho Leeds, magidanta da furfurarsu sanye da sulken roba. Duk inda ka juya Ɗan Buta ne: a riga, a kofi, a hular jarirai.

Ɗan Buta wani ɗan butum-butumi ne na ƙarfe da ya fito a fim na farko. Bai yi magana ba, bai kuma daɗe ba. Jarumai na wucewa, shi yana bayansu yana juyi, yana karo da bango, ana jin ƙwanƙwasa daga cikinsa kamar kiɗa, daga nan ya tsaya cak ya kife. Wannan rawa ta sa duniya dariya fiye da shekara arba'in. Kamfanin fim ɗin ya ci moriyarta har ya gaji, amma ko a ƙarshen fim, inda ake ambaton mai share daɓe, bai ambaci ɗan Adam ɗin da ke ciki ba.

Beryl ta san ko wane ne: mijinta, marigayi Alec, tsohon mahayin dokin sukuwa, gajere siriri, wanda aka ɗauka aiki musamman don shiga irin waɗannan gwangwanaye. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai nemi haƙƙinsa ba. In aka ɗauko zancen sai ya fice lambu. Ita kuwa malamar firamare ce, ba ta taɓa barin wani yaro ya ci ladan aikin wani ba. Kowace Kirsimeti takan kunna fim ɗin bayan an ci tolotolo, ta tara dangi, ta nuna da yatsa ta ce, "Ga Alec nan!" Gillian takan zame ta tafi wanke-wanke, Beryl ta jawo ta da hannu ta zaunar. Butulci ne 'ya ta ƙi kallon aikin ubanta.

Bana za a sake fitar da fim ɗin. Kamfanin ya ce in tana son a saka sunan Alec, ta kawo shaida. Shaida kuwa ɗaya ya rage a raye: Norris Peake, wanda ya riƙe kyamara a ranar. Ga shi can a kan dandali, tsoho tukuf, yana amsa tambayoyi yana lashe baki saboda daɗin tafi.

"Mama, don Allah mu tafi gida," in ji Gillian.

"Riƙe min jaka, ki daina rawar jiki."

Da aka miƙo mata makirufo, Beryl ta yi magana da muryar da ta saba tsayar da aji.

"Mista Peake, ka faɗa wa jama'a yadda aka ɗauki rawar Ɗan Buta. Daki-daki, ba kwana-kwana."

Tsohon ya kwashe da dariya. "Kai, Madam, kin tuna min hedimastarmu! To, gaskiya ba rawa ba ce. Kin san dokar ma'aikata a lokacin: in aka buga ƙararrawar shayi, ko gobara kake kashewa sai ka ajiye bokiti. Shi kuma wannan gwangwani daga waje ake ɗaure murfinsa. Ƙararrawa ta buga, muka watse. Wallahi kowa ya manta."

Zaure ya ɗauki shewa.

"Muna dawowa muka tarar da abu yana ta juyi, yana dukan bango. Fitilu sun gasa shi, ko taɓa ƙarfen ba ka iyawa. Wani ya ruga zai buɗe, darakta ya daka masa tsawa: 'Kada wanda ya taɓa! Norris, ɗauka!' Na ɗauka. Ba mu kwance ba sai da ya kife."

Suka yi tafi. Mutane masu hankali, masu 'ya'ya, suka yi tafi.

Beryl ta ji wani sanyi cikin ranta. Yanzu ba suna kaɗai za ta nema ba. Sai sun nemi gafara a bainar jama'a. Ta ji jakar ta faɗi a bayanta, ba ta waiwaya ba.

"Madalla. Saura ka faɗi sunan wanda kuka gasa. Alec Tranter. Ni ce matarsa."

"Alec?" Tsohon ya kare ido da tafin hannu saboda haske. "Ayya, Allah ya jiƙan ɗan tsurut! Ai shi kafaɗunsa sun ƙi shiga, maƙeran sun yi kuskuren awo. Yana gefena wajen shayi, shi ya cinye min biskit. Ranar Asabar ce, ya zo da 'yarsa, wai kina gida kina duba takardun jarrabawa ba kya son hayaniya. Ita muka saka a ciki. Yarinya mai murya, Madam! Dole muka goge sautin muka bar ƙwanƙwasar, don ba abin da take kira sai Mama."