Injiniyan Ranar Laraba

Karo na uku ke nan da safiyar nan Jibirin ya kashe inji. Bel ɗin ya sake karkacewa, ya watsar da shinkafar mutane a ƙasa, kajin unguwa sai walima suke yi.

Shi wannan bel wata doguwar baƙar roba ce mai kauri, ita ke jan shanshera daga ramin zubi ta kai bakin injin casa. Duk faɗin Kabo, Alhaji Haladu ne kaɗai mai irinta, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan Jibirin na kula da ita. Bai taɓa shiga aji ba, amma yakan ce ko daga masallaci ya jiyo kukan injin, ya san wane ƙusa ne ya kwance. Rabi ƙarya ne. Amma a kan bel ɗin nan, gaskiyarsa yake faɗa.

Ya nuna wa Alhaji komai. Gefe ya zazzago da zare kamar gemun bunsuru. Baya ya tsattsage kamar dunduniyar manomi. Mahaɗi ya buɗe baki, an ɗinke da waya har sau biyar. In aka ɗora kaya sai ya tsaya yana santsi, wuri ya ɗau ƙaurin roba.

"Alhaji, wallahi bel ɗin nan ya mutu, jana'iza kawai yake jira. Ranar da ya tsinke sai ya tafi da hannun wani."

"Kai ne dai ka mutu da lalaci! Gwamnati ma cewa take a tsuke bakin aljihu, kai kana ce min sabon bel?"

Daga ƙarshe Alhaji ya rubuta wasiƙa, ya ba Jalo direbansa ya kai wa masu sayar da injin a Kano, su turo injiniya ranar Laraba. Ya kuma faɗa a gaban leburori: in injiniya ya ce bel na da sauran rai, Jibirin ya ajiye mabuɗi ya koma ƙauyensu Masanawa ya kama fartanya. Ga mata, ga 'ya'ya shida, ga gonar da ba ta fi shimfiɗar tabarma ba. Jibirin ya daina jin ɗanɗanon tuwo.

Laraba da hantsi sai ga wani dattijo a kan tsohon babur, da tabarau ɗaure da zare, da jakar fata a kafaɗa. Ya yi sallama, aka gaisa, aka tambayi hanya da iyali da gajiya.

"Na ji an ce kuna da wani tsohon bel..."

Alhaji ya katse shi: "Injiniya! Tun asuba muke zuba ido. Bismilla, ga shi can."

Dattijon ya dubi bel, ya dubi Alhaji. Sai ya gyara tabarau ya bi shi.

Jibirin ya sha ganin makanikai, amma bai taɓa ganin bincike irin wannan ba. Mutumin ko kallon injin bai yi ba. Ya shafa robar, ya lanƙwasa gefenta, ya shinshina. Ya zaro wani siririn ƙarfe mai tsini ya soka, ya gyaɗa kai. Ya sa aka kwanto bel ɗin aka shimfiɗa a ƙasa, ya tuɓe takalmi ya hau yana takawa a hankali, yana shata layi da alli, yana tsallake wuraren da suka tsage, bakinsa na motsi.

Alhaji ya raɗa wa Jalo, "Ka ga aikin ilimi." Jalo ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

Alhaji ya juya ga dattijon. "To Injiniya, yaya? Zai ƙara shekara biyu?"

Jibirin ya matso kusa, ya kasa kunne.

"Alhaji, ni dai a ganina, wannan ya gama aikin inji. Ko kwana ɗaya kada ya ƙara a nan."

Jibirin ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Nan take bakinsa ya dawo. "Ai na faɗa! Ni da injiniyoyi kanmu ɗaya, takarda ce kawai ta raba mu!"

Alhaji ya yi tsaki. Dattijon ya ce zai tafi da tsohon, in an yarda. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano ce, ko allura mutum ya tsinta sai ya yi cigiya, saboda haka ya nemi Alhaji ya furta a gaban shaidu biyu cewa kyauta ya ba shi.

"Na ba ka, halak malak! Mutum mai tsoron Allah ke nan."

Aka naɗe, aka ɗaure a bayan babur, aka ƙara masa da kwanon fura.

Bayan kwana huɗu aka ɗaura sabon bel. Shinkafa na tafiya ɗoɗar, kaji suka koma bola. Jibirin kuwa duk wanda ya kawo casa sai ya sha labarin yadda injiniyan Kano ya sara masa.

Rannan Jalo ya ja shi bayan shago, ya ciro wata takarda da ta yi laushi da zufa.

"Yaya Jibirin, ka rufa min asiri. Wasiƙar nan fa ban kai ba. Mantawa na yi."

Jibirin ya ce ya cusa ta a murhu, kuma in ya sake ya faɗa wa wani, su biyu za su kama fartanya. Amma abin ya tsaya masa a rai har ranar kasuwar Gwarzo, da matarsa Uwaliya ta aike shi gyaran takalmin yara.

Yana shiga layin dukawa ya hango tabarau ɗaure da zare. Injiniya ne zaune a kan buzu, basilla a hannu, takalma sababbi fil jere a gabansa, yana ta kiran masu wucewa: "A zo a gwada! Ƙasan robar inji ne, sai ka gaji da shi!"