Ƙafar Tela

Sabon babur ɗin ya zabura da Baba, ya nufi igiyar shanya, autarsa tana bin sa a guje.

"Baba, daina taka giya! Ba ɗinki kake yi ba!"

Ina! Ƙafar da ta tsufa a kan keken ɗinki ba ta san hutu ba. Gaba da baya take yi, babur yana tsalle kamar ɗan akuya. Ga Mama tsaye a bakin ƙofa, ita da ta rantse in ya faɗi ko sau ɗaya, babur zai koma inda aka sayo shi.

"Birki, Baba, birki!"

"Wanne ne kuma birkin, 'yar nan?"

Sai dabara ta faɗo wa auta. Ta ƙwala ihu, "Baba, zare ya tsinke!"

Cak ƙafar ta tsaya. Hannun dama, wanda ya saba cafke keke da zarar zare ya tsinke, ya saki totur ya damƙe birki. Babur ya tsaya, jiƙaƙƙen zanin Mama yana shafar hancinsa.

Baba ya sunkuya yana laluben tankin mai. "To, miƙo min bakin zaren mana."