Minti Ashirin a Sabuwar Mota

Ƙofar ta rufe da irin sautin nan mai laushi na motocin manya. Dogo ya gyara zama, gwiwoyinsa suka daki sitiyari. Ya tada mota, ya kashe, ya yi wa mutanen da ke tsaye a harabar murmushi ta gilashi, sannan ya danna maɓallin buɗe ƙofa.

Ƙofa ko motsi.

Ya sake dannawa. Allon gaban motar ya yi fari, ya yi baƙi, ya mutu murus. Iskar sanyi ta ɗauke. Ya gwada gilashi, ya gwada ƙofar gefe, ya gwada makulli, duk kamar yana magana da bango. Rana kuwa ta take tsaka, motar baƙa ce wuluk, kuma babu bishiya ko ɗaya a harabar.

Ƙwanƙwasa gilashi sau ɗaya zai sa a fitar da shi, kuma shi ne abin da ba zai iya yi ba. Ko rabin sa'a ba a yi ba da ya tsaya gaban mutanen nan ya yabi motar, har da dukan ƙirji. Ya ce duk wanda ya yi kuka da irin wannan mota, hannunsa ne bai saba da abu mai kyau ba. In suka gane ƙofa ta riƙe shi, mutuncin da ya yi shekara goma sha bakwai yana tarawa zai zube a ƙasa, hanyar abincinsa ma ta bi baya.

Sai ya kama gyara madubi, kamar wanda ba ya cikin sauri.

Mutum bakwai ne ko takwas a wajen. Abokin tafiyarsa, mai baƙar kwat, yana ta yi masa alama da ido cewa ya fito haka nan. Wani dattijo mai tabarau ya tsaya a inuwar gini yana duba agogo. Can gefe wata mata gajera ta rungume jakarta, ba ta murmushi, ba ta ɗaure fuska, kallo kawai take yi. Kallonta ya fi ranar ƙona shi.

Akwai wata 'yar igiya da ake ja a buɗe ƙofa in lantarki ya mutu. Ya zura hannu ƙarƙashin aljihun ƙofar ya laluba. Ya san ba zai same ta ba, domin motocin da suka iso a wannan zubin duk ba a sa musu ita ba. Ya dai laluba, don mai neman fita ba ya jin kunyar laluben abin da babu.

Takardar garantin motar kuwa ya haddace ta kamar lambar wayarsa. In an kai mota gyara sau uku kan matsala guda ba ta gyaru ba, mai saye yana da haƙƙin a ba shi sabuwa ko a mayar masa da kuɗinsa. Amma sai an tabbatar da matsalar tukuna. Sau uku motar nan tana shiga gareji, sau uku tana fitowa da takarda mai layi ɗaya: an duba, ba a ga komai ba. A gareji lafiyarta ƙalau, kamar yaron da ciwon cikinsa ke warkewa a ƙofar asibiti. Wata takwas ana jiran ta nuna halinta a gaban shaidu, sai yau ta ga dama.

Gumi ya jiƙa rigarsa ta manne da kujera. Sannan ƙirjinsa ya fara 'yar ƙarar nan da ya sani, ta ciwon asma. Ya shafa aljihu, sai ya tuna maganar matarsa da safe.

"Baban Auta, sa abin shaƙar nan a aljihun wando. Kai da kwat ɗinka ba ku daɗewa tare."

Kwat ɗin na can a hannun abokin tafiyarsa, taku biyar daga inda yake. Wayarsa ma tana ciki, a kashe.

Tsoro ya kama shi sosai. Ya ce a ransa zai ƙirga ɗari, wataƙila allon ya farfaɗo. Ya kai sittin da wani abu, lissafi ya ɓace masa. Fuskokin waje suka fara rabuwa biyu-biyu. Bakunansu na motsi amma ba ya jin komai, don gilashin ba ya barin sauti ya shigo, kuma wannan ma yana cikin abubuwan da ya yaba ɗazu.

Ya tuna Auta, ya tuna ya yi mata alkawarin ɗauko ta daga makaranta. Sai ya ɗaga hannu ya daki gilashin da tafinsa, sau ɗaya, sau biyu, sannan da duka hannuwan.

Mai baƙar kwat ya sunkuyar da kai. Gajerar matar ta buɗe jaka ta fito da 'yar guduma, sabuwa fil, irin wadda ba a yawo da ita sai an taɓa shan wuya. Ta dubi dattijon, ya gyaɗa mata kai. Duka ɗaya ta yi wa gilashin baya ya tarwatse.

Iska ta shigo, sauti ya biyo ta. Ya yi nuni da kwat ɗinsa, gajerar matar ta karɓi abin shaƙar daga hannun abokin tafiyarsa ta miƙo masa ta kafar.

"Ja a hankali. Mahaifiyata minti arba'in ta yi a kujerar nan," in ji ta.

Yana ja yana tari, ya ji muryar dattijon, a natse, yana magana da wani mai riƙe da littafi.

"Magatakarda, rubuta: kotu ta sauko ta duba motar mai ƙara, kuma injiniyan kamfani, wanda ya rantse cewa ƙofar nan ba ta taɓa maƙalewa ba, ya yi minti ashirin a ciki kafin a fasa masa gilashi."