Tagar Marigayi

"Kai ka jawo mini wannan ƙazanta, Sallau!" Iya Tabawa ta tare mai gyara a zaure.

Shi ya kafa mata taga, wato kyamara, a bangon ɗaki, wadda mijinta direba ke leƙowa ta wayarsa daga ko'ina, ya haɗa da na'urar da ke tashin tagar duk sanda ta mutu. Yanzu mijin ya rasu, an sace wayar, ita tana takaba, wani ƙato yana leƙenta.

"Na kashe, ta farka. Jiya har cewa ya yi in gyara ɗankwalina. Tir!"

"Iya, haka aka yi ta, ba ta mutuwa."

"Mai ita ma ya mutu! A kira mai unguwa, ka amsa da bakinka."