Filin da Akuya Ke Kewayewa

Ku matso nan dukanku, ku ajiye wayoyin nan. Kun girma kun haifa, amma wannan ba ku ji ta ba.

A wani gari na bakin kogi an yi wani mai haƙa kabari. Shekara arba'in yana saran ƙasar garin, ya san ta kamar yadda mace ta san cikin tukunyarta: inda take da tauri, inda take da yashi, inda in ka yi kamu biyu sanyi zai taɓa maka tafin ƙafa. Wata shekara ƙaramar hukuma ta ɗauko masana daga birni su sabunta mata tsarin abin da za a yi idan ambaliya ta zo, don tsohon tsarin gara ta ci rabinsa a ofis. Suka iso da rani, da farar mota da taswira. Ba malalata ba ne, kar ku ce na ce. Sun auna kogi, sun ƙirga gidaje, sun bi ƙofa-ƙofa da takardar tambayoyi. Da suka zo wajen mai haƙa kabari suka tambaye shi mutum nawa ke kwana a gidan, ɗaki nawa, akwai rediyo? Ya amsa duka. Sai babbansu ya nuna wani shimfiɗaɗɗen fili gabas da gari, ya ce a nan za a tara jama'a ranar gudu. Tsohon ya dubi filin. Ba suri ko ɗaya a cikinsa, ba ramin ɓera, akuya ma in ta zo bakinsa sai ta kewaye. Ya tuna ya taɓa haƙa a nan yana saurayi. Ramin ya kawo baƙin ruwa ana tsakar rani, daginsa ya bugi dutsen niƙa, ya bugi murhu, ya fito da munduwar yarinya. Kakarsa ta ce maza ya mayar ya rufe: tsohon garin ne a ƙasa, kogin ya taɓa bi ta kansa. A garin nan kuwa ba a ambaton wancan ruwa, sun ce ambatonsa gayyata ce. Ga shi kuma ba a tambaye shi ba. Sai ya ce, "Allah ya kiyaye." Suka ce amin, suka rubuta filin a littafi, aka kafa allo mai kibiya.

A damina ta uku, wata Talata da hantsi, aka yi shela kogi ya cika. Jama'a suka bi kibiya tsaf kamar yadda aka koya musu, aka shimfiɗa tabarmi, aka kafa tanti. Mai haƙa kabari kuwa ya ja mutanen gidansa zuwa tudun maƙabarta bai ce wa kowa komai ba. Sai da ya hau ya ji 'yarsa da ke aure a wata unguwa ta bi mijinta filin, da goyo a bayanta. Daga tudun yana hango su, kowa ya juya yamma yana kallon kogi. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Ya ga ƙasar filin tana duhu daga tsakiya, kamar mai ya zube a zane. Ruwan bai zo ta inda ake kallo ba. Ta baya ya biyo tsohuwar hanyarsa, a hankali, kamar mai komawa gidan ubansa, ƙasa kuma ta yi laushi ta riƙe ƙafafu. A lokacin ne tsohon ya buɗe baki ya ambaci abin da ba a ambato, yana gudu yana faɗa, amma wa zai ji? Bayan kwana huɗu ya haƙa kabari tara. Na 'yarsa ya zauna bakinsa har la'asar, ba a samo gawarta ba, ya mayar da ƙasa.

Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, ku raba min gardama, kuma ba na son kwana-kwana: alhakin mutum taran nan a wuyan wa yake, baƙon da bai tambaya ba, ko mai ɗakin da ya sani ya yi shiru?